Karen da aka ce ba ya sa atishawa

Shekara biyu ke nan da ƙanena ya tashi daga Aboabo da ke Kumasi a ƙasar Ghana ya koma gidan da ya gina a bayan Kenyasi, inda maƙwabta ba su da yawa kuma unguwar takan yi tsit tun bayan sallar isha'i. Mu da muka girma a zango ba mu san zama da kare ba, domin a gidan haya mai ɗaki goma sha biyar idon jama'a shi ne mai gadi. Amma da ɓarayi suka haura masa katanga sau biyu, suka ɗauke injin tura ruwa a zuwansu na biyu, sai ya fara zancen kare. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne 'yarsa ta fari mai shekara tara, wadda take fama da asma, kuma tun tana ƙarama in ta shiga gidan da ake kiwon kare ko kyanwa sai ta dawo da jan ido da atishawa, wato abin da ake kira alaji.

Ran nan da dare ya turo mini hoton wani ɗan kwikwiyo ruwan ƙasa mai murɗaɗɗen gashi kamar na ɗan tunkiya, ya biyo shi da saƙon murya: "Yaya, ka ga wannan? Labradudul ake ce masa. Mai sayarwa ya ce ba ya zubar da gashi, wai don masu alaji aka yi shi tun asali." Kuɗin da aka sa masa ya kusa hayar ɗaki da falo ta shekara guda a zango, kuma har ya riga ya ba da kafin alƙalami.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar mai sayarwar, shi ya sa take shiga kunne. Labradudul ruwa biyu ne, haɗin karen fudul, wanda asalinsa karen farautar tsuntsayen ruwa ne na Jamus da Faransa, da karen labrado. Wanda ya fito da sunansa duniya wani mutumin Ostireliya ne, Wally Conron, wanda a lokacin yake kula da kiwon karnukan ja-gorar makafi. Wata makauniya a Hawai ta nemi karen ja-gora, amma jikin mijinta ba ya jituwa da kare, don haka a shekarar 1989 Conron ya haɗa fudul da labrado, aka haifi 'yan kwikwiyo uku. An aika gashinsu da miyaunsu Hawai aka gwada a jikin mutumin, sai aka tarar ɗaya kaɗai, mai suna Sultan, shi ne bai tayar masa da ciwo ba. Wannan ɓangaren na labarin ne masu talla ba sa faɗa: tun a haihuwar farko, uwa ɗaya uba ɗaya, biyu daga cikin ukun ba su ci jarrabawar ba. Shi kansa Conron, a wata hira da gidan rediyon ABC na ƙasarsu a 2019, ya ce yana nadamar ƙofar da ya buɗe, saboda yadda masu neman kuɗi suka shiga haɗa fudul da kowane irin kare ba tare da lura da lafiya ko hali ba.

Kuskuren da ƙanena ya yi, wanda ni ma na daɗe ina yinsa, shi ne ɗaukar gashi a matsayin mai laifi. Gashi ɗan dako ne kawai. Abin da garkuwar jikin mai alaji take yaƙa wasu furotin ne da ke cikin miyaun kare da fitsarinsa da ɓurɓushin fatarsa, wato wannan abu mai kama da amosani da ke kakkaɓewa daga jikin kowace dabba mai fata, ko gashinta na zuba ko ba ya zuba. Masana sun ba su lambobi, kuma wanda ya fi suna shi ne Can f 1, da ake samu da yawa a miyau. Kare ya lashi jikinsa, miyaun ya bushe a kan gashi, ya farfashe ya bi iska, ya kwanta a katifa da labule da kujera. Murɗaɗɗen gashin fudul yana riƙe abin da ya mutu a jikinsa maimakon ya watsa shi a tsakar ɗaki, wannan gaskiya ne, amma ba ya hana bakin kare yin miyau, kuma yaro ba daga nesa yake wasa da kwikwiyo ba.

An auna wannan magana, ba a bar ta a baki ba. A 2011 masu bincike na asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka sun kwashi ƙurar ɗaki daga gidaje 173 masu kare ɗaya ɗaya, suka kwatanta gidajen da ke da irin karnukan da ake cewa ba sa tayar da alaji da sauran gidajen, ba su ga wani bambanci a yawan Can f 1 ba. Shekara guda bayan haka wasu masana a Utrecht ta ƙasar Holan suka ƙara gaba, suka auna gashin karnukan kansu, fudul da labradudul da wasu irinsu a gefe guda, labrado da sauran karnuka a ɗaya gefen. Abin mamaki, furotin ɗin ya fi yawa a gashin waɗanda ake yabo, fudul ne ma ke kan gaba. A ƙurar ƙasa an samu ragi a gidajen masu labradudul, amma a iskar da ake shaƙa babu bambanci, kuma huhun mai asma da iska yake hulɗa. Sun kuma lura cewa karnuka biyu na iri ɗaya kan bambanta da juna ƙwarai, wanda hakan ya mayar da mu ga labarin Sultan da 'yan uwansa.

Hatta rashin zubar da gashin ba shi da tabbas a karen ruwa biyu. Gado rabo ne, kuma sau da yawa albasa ba ta yin halin ruwa. Kwikwiyo na iya ɗauko gashin ubansa fudul, ɗan uwansa kuma ya fito da gashi mai kaushi da ke zuba kusan kamar na uwarsu labrado. Shi ya sa masu kiwo suke sake haɗa ɗan da wani fudul don jinin fudul ya kai kashi 75 cikin 100, su ƙara masa kuɗi. Bayan haka gashin ƙuruciya yakan sauya kafin kare ya cika shekara ko jim kaɗan bayanta, saboda haka laushin da mutum ya shafa a wata biyu ba lallai shi zai samu a gaba ba.

Na ce wa ƙanena kada ya yi cinikin biri a sama, mu ɗauki yarinyar mu je ta zauna da wannan kwikwiyon da kansa, tare da abin shaƙarta a jaka, bayan ya sanar da likitan da ke dubanta. Muka je ranar wata Asabar. Gidan tsaf yake, kwikwiyon kuma, in faɗi gaskiya, kyakkyawa ne, da baƙin hanci da ido kamar na ɗan tsana. Yarinyar ta durƙusa a kan siminti, ya haye cinyarta yana lasar bayan hannunta tana dariya. Ba a yi rabin sa'a ba na ga tana murza ido da gefen hijabinta, wurin da ya lasa ya yi jajayen ƙuraje irin na borin jini, sannan atishawa ta biyo baya, huɗu a jere. Mai karen ya ce ƙurar hanya ce. Ubanta bai ce masa komai ba, ya dai kama hannunta ya kai ta bakin famfo ya wanke mata har gwiwar hannu, muka fito. A mota ta ce, "Baffa, gobe in na sha magani za mu koma?"

Adalci shi ne in ce akwai masu alaji da suke zaune lafiya da irin waɗannan karnuka, kuma ba ƙarya suke yi ba. Jikin kowa da abin da yake ƙi. Akwai wani furotin, Can f 5, da namijin kare ne kaɗai yake fitar da shi, kuma wanda wannan ne kawai matsalarsa yana iya zama da karya ba tare da wahala ba. Gwajin fata ko na jini a asibiti shi ne yake rarrabe irin wannan, yana kuma nuna ko kare ne mai laifin ko kuwa kyankyaso ne da ƙananan ƙwarin katifa waɗanda ido ba ya gani, da suke samun wurin zama a danshin Kumasi. Zama ɗaya da kare ma bai isa hujja ba idan ba a ga komai ba, domin wani jikin sai bayan kwanaki yake nuna ƙinsa. A wurinmu dai amsar ta zo da wuri.

Ko da yarinyar ta tsallake, akwai abin da hoton Instagram ba ya nunawa. Gashin da ba ya zuba ba ya daina tsiro, yana bukatar taza kusan kullum da aski duk bayan wata guda ko biyu, in ba haka ba ya dunƙule kamar tsohuwar tabarma, kaska da ƙuma su ɓuya a ƙarƙashinsa. Kunnuwansa masu rufe suna tara danshi da damina, da hunturu kuwa gashin nan tsumma ne na kwasar ƙura, wadda ita kanta abokiyar gabar mai asma ce. Wanka yana rage furotin ɗin a jikin kare, amma yana dawowa cikin kwanaki kaɗan, sai an riƙa yi kamar sau biyu a mako. Ga kuma allurar rigakafin haukan kare, wadda ba a wasa da ita a ƙasar nan ko wane iri ne karen.

Abin da ya fi ba ni dariya daga baya shi ne mun manta da dalilin neman karen tun farko. An haɗa labradudul ne don ya zauna da mutane cikin ɗaki, ya so kowa, baƙo da ɗan gida, kuma ɓarawon da ya haura katanga zai iya samun tarba da kaɗa wutsiya. Malamanmu na Malikiyya sun yarda da karen gadi da na farauta da na kiwo, ba su ma ɗauki miyaunsa najasa ba, amma karen da zai kwana a falo kusa da dardumar salla ba shi ne abin da mahaifiyarmu za ta lamunta ba, kuma ta faɗa wa ƙanena haka a fili da ta ji labari, ta ce in ya kawo shi ya daina sa ran zuwanta Kenyasi.

Mai karen ya mayar da rabin kafin alƙalamin bayan doguwar jayayya. Ƙanena ya ƙara wa katanga bulo uku, ya sa waya mai ƙaya da fitila mai aiki da hasken rana, ya kuma haɗa kuɗi da maƙwabta biyu suna biyan mai gadi. An ba yarinyar ranar gwajin fata a wata mai zuwa, kuma har yanzu hoton kwikwiyon ne a fuskar wayar mahaifiyarta, yarinyar ta hana a canza shi.