Daga Rimin Gata zuwa Kwari: maganar motar haya a Kano

Ranar Litinin ɗin nan na kusa minti arba'in a tsaye a bakin titin Gwarzo ina jiran ɗan sahu, wato mai keke mai ƙafa uku, duk wanda ya zo daga ɓangaren Janguza a cike yake maƙil, uku a baya biyu a gefen direba, wani ma ko kallonka ba zai yi ba. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah da goyo a bayanta, ta riƙo hannun wata yarinya mai kayan makaranta, jakar yarinyar ta kusa kai girmanta. Duk sanda wani ya rage gudu sai maza su yi caa a kansa, ita kuwa da goyo ba ta da halin kokawa, sai dai ta ja baya. Daga ƙarshe wani dattijo ne ya tare wani ɗan sahu ya ce "ɗan nan dan Allah ka fara ɗaukar baiwar Allahn nan, tun ɗazu take tsaye da yara", sannan ta samu ta tafi. Na tabbata yarinyar ta makara. Abun ya tsaya min a rai har na isa shago a Kwari, shi ya sa na ce yau sai na yi rubutu a kai.

Ni a Rimin Gata nake, kuma kullum sai na shiga gari, in banda Lahadi. Da na taso, in an ce maka Rijiyar Zaki toh ka fara barin gari kenan, gonaki ne hagu da dama kafin ka kai sabuwar jami'ar Bayero. Yanzu je ka gani, gidaje sun haɗe har Janguza. Haka ta ɓangaren Mariri, haka Panshekara, haka hanyar Katsina daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo har Dawanau, haka Na'ibawa. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen jihar Kano miliyan tara da dubu ɗari huɗu ne, kuma yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu su ne samari da 'yan mata masu fita nema. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya kama haya a tsakiyar gari ba, dole ya fita gefe, amma abincinsa na nan a Kwari da Singa da Sabon Gari da Kurmi, ko a kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa. Toh duk wannan jama'ar safe da yamma a keke mai ƙafa uku muke ɗora su.

Mutane da yawa sun manta yadda aka yi muka zo nan. A Daidaita Sahu ai asalinsa sunan shiri ne na gyaran tarbiyya a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo kekunan saboda mata su daina hawa acaɓa, sunan ya bi su. A lokacin ga bas ɗin hayis, ga tasi, ga acaɓa ko'ina. Sai a Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, shikenan duk wanda yake acaɓa ya koma neman keke. Hayis da tasi kuma suka dinga ja da baya a hankali don ba za su iya gogayya da wanda zai kai ka har ƙofar gida ba. Ba wanda ya zauna ya tsara cewa ɗan sahu ne zai ɗauki nauyin Kano, giɓi ne aka bari shi kuma ya cike, kuma wallahi ya yi ƙoƙari, ban da shi da ban san ya za mu yi ba.

Wanda yake shakka ya tuna Janairun 2022 da suka yi yajin aiki kan kuɗin sabunta rajista. Ranar farko a ƙasa na taka tun daga gida har Kabuga, hanya cike da mutane kamar an taso daga idi, tsofaffi, ɗalibai, masu zuwa asibiti, wasu sun ɗare bayan a-kori-kura sun rirriƙe juna. Har jami'ar Bayero sai da ta ɗage jarrabawa. Gari guda ya tsaya cak saboda abun hawa iri ɗaya ya ƙi fitowa.

Akwai wani ɗan sahu da nake yawan hawa nasa da yamma, yaro ne mai hankali, ya gama sakandare. Rannan muna cikin gosulo wajen Tal'udu na ce masa kuɗin nan fa ya yi yawa. Ya juyo ya ce "yayana, wallahi ba mugunta ba ce, kafin na ci ko sisi sai na fara haɗa balas, kuɗin da nake kai wa mai keke, na sayi mai, na yanki tikiti, ga bakin mai ga faci, in mashin ya kwana biyu a gareji balas bai san da wannan ba." Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar, a 2024 kuma ta wuce dubu. Ni kaina abin da nake kashewa zuwa da dawowa ya ninka fiye da sau biyu. Na san yaran shago da suka koma kwana a kasuwa ko wajen abokai a Fagge, sai ƙarshen sati su leƙa gida, saboda in suka cire kuɗin mota ba abin da ya rage. Direba na kuka fasinja na kuka, kuma duk suna da gaskiya, matsalar ita ce inji ɗaya da direba ɗaya da man fetur ana kashe su a kan mutum biyar, alhali babbar bas guda za ta kwashe na keke goma ko fiye.

Gwamnatoci ba su zauna haka kawai ba, sun kashe kuɗi sosai, amma dubi inda kuɗin ya tafi. Gadar Ƙofar Nassarawa, ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, gadar Sabon Gari, ta Dangi, ta Hotoro, sannan aka shiga Tal'udu da Ɗan Agundi. Ba na raina su, wasu sun sauƙaƙa cunkoso a wajen da aka yi su kuma sun ƙawata gari. Sai dai gada mai mota take fi yi wa amfani, ta wuce da shi shataletale ɗaya ya je ya tarar da gosulo a na gaba. Matar nan mai goyo ko gada goma aka yi tsakanin Rimin Gata da Kwari, tsayuwarta a bakin titi na nan yadda take.

Sai maganar jirgin ƙasa na cikin gari. A 2016 gwamnatin Ganduje ta sa hannu da kamfanonin Chaina kan aikin da aka ce zai ci dala biliyan 1.85, a 2020 kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ciyo bashin yuro miliyan 684 don kashin farko. Ni ina son jirgi, wa zai ƙi, kuma na yi imani wata rana dole Kano ta yi shi. Amma a yi lissafi tsakani da Allah. Bashi da kuɗin waje ake biya, fasinja kuma naira zai bayar. A 2020 dala ba ta kai naira ɗari huɗu ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar. Da an ci wancan bashin, da yanzu nauyinsa a naira ya ninka kusan sau huɗu, kuma daga kuɗin makaranta da asibiti za a dinga yanka ana biya. Dubi Abuja ma, an buɗe nasu jirgin a Yulin 2018 da bashin Chaina, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024, kuma layin bai bi ta Nyanya da Mararaba ba inda ma'aikata suke dandazo kullum da asuba.

Legas ce ta fi burge ni a wannan fannin, don su da bas suka fara. Tun 2002 suka kafa hukuma guda, LAMATA, wadda aikinta kenan tsara sufurin birni, Bankin Duniya ya tallafa musu. A Maris ɗin 2008 suka buɗe BRT, wato tsarin bas mai sauri, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, aka ware wa bas layinta ita kaɗai a kan titi, kuma suka jawo ƙungiyar direbobi cikin harkar tun farko, ba su kore su ba. Jirginsu na Blue Line kuwa, daga Marina zuwa Mile 2 kilomita 13 kacal, sai a Satumbar 2023 ya fara ɗaukar fasinja bayan sama da shekara goma ana gini. Wato duk tsawon shekarun nan bas ce ta riƙe su. In Legas da duk kuɗin shigarta sai da ta yi wannan jiran, mu fa?

Za a ce ai mu ma an kawo bas. Eh an kawo. A ƙarshen 2022 an ƙaddamar da motocin Kanawa, bas ɗari da tasi hamsin, har aka sanar da hana 'yan sahu bin wasu manyan tituna ciki har da namu na Gwarzo, mutane suka yi caa aka janye dokar nan take. Nan ne nake ganin muke tuntuɓe kullum. Sayen bas shi ne mafi sauƙi, a jera su a fili a yanke kyalle a ɗau hoto. Wahalar tana farawa ne bayan wata shida, taya ta cinye, birki na neman gyara, ba gareji, ba kayan gyara a ajiye, kuɗin da kwandasta ya karɓa a hannu ba wanda ya san adadinsa. Sannan bas ɗin da za ta shiga gosulo ɗaya da kowa, ta tsaya sai ta cika kafin ta tashi, wa zai bar ɗan sahu ya jira ta? Ni dai mai sammakon buɗe shago ba zan iya ba.

Abin da nake so a yi ba wani abun mamaki ba ne. A ɗauki hanya guda tak, misali Janguza zuwa 'Yan Kura, a ware wa bas layinta da kankare yadda ba mai shiga, a gina wajen tsayawa mai rumfa, bas ta dinga tashi a kan lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba, a biya da kati yadda Legas suke yi da katinsu na Cowry, a kuma ware kujeru na mata da tsofaffi, wannan a Kano wajibi ne. In ta yi aiki shekara ɗaya sai a ƙara hanyar Katsina, sai ta Zariya, sai ta Maiduguri.

Kuɗin fa? Nan ne ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya, kuɗin fasinja kaɗai da wuya ya riƙe irin wannan tsarin in dai ana so talaka ya iya hawa, manyan biranen duniya ma gwamnati ce take cika musu. Don haka a yi doka, a buɗe asusu na musamman wanda gwamna ba zai iya taɓawa don wani aikin ba. Harajin kullum da ake karɓa a hannun 'yan sahu, wanda naira ɗari ce lokacin da suka yi yajin aiki a kansa a Fabrairun 2021, ya shiga nan. Kuɗin fakin a bakin Kwari da Singa da Sabon Gari ya shiga nan, don wanda ya ajiye mota ya cinye rabin titi tun safe har magariba ya kamata ya biya. Kuɗin talla a jikin bas da tashoshi, da hayar shagunan da za a gina a tasha, su shiga. Sannan a kasafin kuɗi na kowace shekara a yanke wani kaso, ko da kwatankwacin kuɗin gada ɗaya ne. Tun bayan cire tallafin mai kason da jihohi suke samu daga Abuja ya ƙaru sosai, kuma daga aljihunmu ƙarin ya fito, a gidan mai muka biya shi, toh a dawo mana da wani abu ta hanyar da kowa zai gani. Duk wata uku a buga abin da ya shiga da abin da ya fita a karanta a rediyo, mutanen Kano akwai sauraron rediyo.

'Yan sahu kuma kar a sake a ce za a kore su da sanarwa ta dare ɗaya, bayan kowane keke akwai gida guda, wani ma gida biyu, na direba da na mai keke. A zauna da ƙungiyoyinsu tun kafin a zuba bulo na farko. Bas ba za ta shiga lungunan Ɗorayi ko Sheka ko Kurna ba, su ne za su kwaso mutane daga cikin unguwa su kawo tasha, gajeriyar tafiya mai kaɗan lodi da yawa. A ba su hannun jari a kamfanin bas ɗin, a koya wa samarinsu tuƙin babbar mota da kanikanci, su ne za su fi kowa kare ta in suna da rabo a ciki.

Na gwada wa yaron nan ɗan sahu wannan maganar jiya da muna dawowa. Ya yi shiru har muka wuce Kabuga, sannan ya ce shi in za a ba shi bas ya tuƙa da albashi a ƙarshen wata, gobe goben nan zai mayar wa mai keke makullinsa, don shekararsa huɗu yana biyan balas kuma har yau ko taya ɗaya ba tashi ba ce.