Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Ƙwallo Ta Zama Sana'a

Wancan makon na tsaya a kan komawarmu Fagge, amma ku yi mini haƙuri, maganar 1990 ce ta tsaya mini a rai.

Shekara tara ina sakataren kulob ɗin masaƙarmu ta Bompai, ko sisi ban taɓa karɓa ba. A lokacin ɗan wasa ma'aikaci ne. Da safe yana kan inji, da la'asar yana fili, wata ya ƙare ya ɗauki albashinsa, ko ya ci ƙwallo ko bai ci ba. In ya karye, asibitin kamfani na nan. Mu bakwai ne a kwamiti, a gindin darbejiya muke zama, kowa ya laluba aljihu a sayi lemo da man zafi. A wannan zamanin ne Raccah Rovers ta kawo wa Kano kofin lig a 1978, na yi ihu har muryata ta dishe.

Sai ga watan Mayu na 1990, aka buɗe gasar ƙwararru a filin Onikan da ke Legas da kulob 16. A shekarar ce kuma aka haɗa kulob uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka haifi Kano Pillars. Na shiga wajen Baffa da ɗokina, na ce yanzu yara za su ci gumin ƙafarsu. Ya ɗago kai daga carbinsa ya ce, "Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri Baffa, ai ci gaba ne." Bai ƙara cewa komai ba.

Ba a daɗe ba masaƙa ta janye hannunta, wani mai kuɗi ya karɓi kulob ɗin, ya zo da mutanensa. Ba zaɓe, ba shawara. Wanda bai san hanyar filinmu ba shi aka ce in miƙa wa littafin rajista, a tsaye, gaban yaran da na raina. Ko sannu da aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai tsaron bayanmu. Ni na ba shi shawara ya ajiye aikin masaƙa ya sa hannu a kwantiragi. Rabin kuɗin sa hannu aka ba shi, gwiwarsa ta goce, aka sallame shi. Na gan shi yana acaɓa a Ƙofar Mata, ya gaishe ni da ladabi, na kasa haɗa ido da shi.

Ranar da Pillars ta ɗauki lig a 2008 na yi kukan murna, Baffa kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Amma ku duba, har yau yawancin kulob ɗin gasar na gwamnatocin jihohi ne. Gwamna ke naɗa shugaba, gwamna ke sauke shi. Ladan kuturun nan dai.

Littafin da na miƙa, sai da na kwana biyu ina kwafe shi da hannu. Yana cikin adakar Inna, da sunan kowane yaro da lambar takalminsa.