Makin tara da na ba gem ɗin da ban buga a gidanmu ba

Ranar da saƙon ya shigo sai da na karanta shi sau uku. Wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje ne ya turo min lambar sauke sabon gem ɗinsu kyauta, mako guda kafin ya shiga kasuwa, da sharaɗin kada in wallafa komai sai ranar da suka tsayar. Shekara uku ke nan ina rubuta sharhin wasannin bidiyo da Hausa, ba wanda ya taɓa ba ni ko sisi. Nan take kaina ya kumbura.

Ban buga shi a gida ba, kuma nan na tafka kuskuren. Na kinkimi PS4 ɗina zuwa ofishin kawuna, inda akwai sola da intanet mai gudu kamar ruwa. Dare uku na yi a can. Zanen ya yi kyau, labarin ya ja ni, faɗan ciki ba laifi. Na ba shi tara cikin goma, har da cewa duk wanda bai saya ba ya yi asara.

Kwana biyar da fitowarsa ƙanin abokina ya zo ƙofar gidanmu bayan sallar isha'i. Yaron ya daɗe yana tara kuɗi daga aikin gyaran waya. Ya gaishe ni a ladabce, sannan ya ce, "Yaya, kai ka ce tara cikin goma fa." Na ce ƙwarai. Ya ce to in zo in gani.

Na bi shi. Kafin gem ɗin ya buɗe ma sai da ya nemi a sauke wani ƙarin gyara na ranar farko, wanda ya lashe masa datar wata guda. Ya buɗe ɗin kuma, ashe ba ya yi sai da intanet, ko da kai kaɗai kake bugawa. Ina zaune a kan tabarmarsa sabis ya yi rawa, aka watso shi waje daga tsakiyar faɗa. Ya sake shiga, ya yi kusan minti ashirin, aka ɗauke wuta. Da ya tayar da inji, sai ga shi an mayar da shi farkon matakin. Bai ce uffan ba, ya dai ajiye hannun gem ɗin a hankali. Gara a ce zagina ya yi.

A ofishin kawu wuta ba ta ɗauke ba, sabis bai yanke ba, don haka ban ma lura da wannan ba. Ko kuma dai in faɗi gaskiya: na ga rubutun gargaɗin a farkon gem ɗin, na danna na wuce.

Abin kunyar shi ne, ni ne nan na fi kowa yi wa masu sharhin Turai da Amurka dariya a kan Cyberpunk 2077. A Disamban 2020, kafin ya fito, na kwamfuta kawai aka ba su, suka zuba masa maki. Da ya isa hannun masu PS4 da Xbox One sai ga shi yana sandarewa, har Sony ta cire shi daga kantinta tana mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Na ce sun yi sharhin wasan da talaka ba zai taɓa gani ba. Ashe ina tufka nawa.

Su aƙalla suna da matsin da za su nuna. A 2007 shafin sharhin wasanni na GameSpot ya sallami mai sharhinsa Jeff Gerstmann bayan ya ba Kane & Lynch shida cikin goma, a daidai lokacin da tallan gem ɗin ya cika shafin. Kamfanin Obsidian kuwa ya rasa kuɗin lada a kan Fallout: New Vegas saboda makin gem ɗin a Metacritic, shafin da ke haɗa makin masu sharhi, ya tsaya a 84, alhali an yi da su sai 85. Maki ɗaya tal! Ni fa? Ba wanda ya matsa min, ba wanda ya ce in yaba. Kawai ina so a sake turo min wata lambar, sai alƙalamina ya yi laushi ban sani ba. Ko faɗa wa masu karatu cewa kyauta na samu ban yi ba.

Na sake rubuta sharhin, na sauke makin zuwa biyar, na sa maganar kyautar a layin farko. Yanzu kowane gem a ɗakina nake buga shi, da datar wayata. Ina rubuta nauyinsa da na gyaran ranar farko tun kafin in yi zancen zane. Da gangan nake kashe intanet ana tsakiyar wasa in ga abin da zai faru. Idan ranar da aka tsayar ta zo ban gama ba, sai wasu su riga ni, ba komai.

Kamfanin bai ƙara turo min komai ba. Yaron kuwa na biya shi rabin kuɗinsa, sauran ya rantse ba zai karɓa ba. Har yau in mun haɗu a bakin shagonsu, kafin ya gaishe ni sai ya ɗaga yatsu tara.