Godiyata ga waɗanda suka riƙe ni tun ciki bai fito ba

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki.

Jiya muka yi arba'in. An zubar da ganyen wanka, an kife tukunyar kunun kanwa, yaron nan kuma ga shi kwance a gefena yana barcinsa lafiya lau. Alhamdu lillahi. Ranar suna gida ya cika da jama'a, na cikin Maradi da na Tibiri da Madarunfa, har da dangin maigida da suka taso daga Tasawa da sanyin asuba. Kowa na gode masa, Allah ya bar zumunci, ya mayar muku da alherin da ya fi wanda kuka kawo. Sai dai akwai wasu mutane da suka tsaya a kaina tun watanni ukun farko, lokacin da babu mai kallona ya ce ina da juna biyu, kuma ranar taro yawancinsu suna can bakin murhu ko wurin aikinsu. Saboda su na ɗauki salula nake wannan rubutu.

Na san a wurinmu ba a faɗin ƙaramin ciki. Ana ɓoye shi don kunya da tsoron baki, wata ko mahaifiyarta ba ta sani sai zane ya fara ɗagewa. Haka na yi a cikin ɗiyata ta fari, haka na yi a na biyu, wanda ya zube yana wata biyu da ƴan kwanaki, shekara biyu ke nan. Na yi kukana a ɗaki ni kaɗai, don ba a san da shi ba balle a yi mini jaje. Kuma tun daga ranar nake ɗora wa kaina laifi, ina cewa dakan geron da na yi ne, ko hawan kabu-kabu zuwa lakwal kullum safiya.

Wannan karon abin ya fara ana saura kwana goma azumi. Al'ada ta ɗauke, ƙirjina ya yi nauyi da tsami, barci ya rinƙa ɗaukata ina tsaye gaban allo, fitsari kuwa cikin dare sai na tashi sau huɗu. Yawu ya cika mini baki har sai da na riƙa yawo da gwangwani da ƙasa a ciki. Duk waɗannan na san su, laulayi ne. Wanda ban sani ba shi ne aman da ya biyo baya. Na ci fura ta dawo, na sha kunu ya dawo, daga baya ko ruwan randa na kurɓa ba ya minti biyar a cikina. Warin daddawa, turaren maigida, hayaƙin moto, komai tayar mini da zuciya yake. Ga zafin bazara ya fara, ga ni ina ƙoƙarin kai azumi don kada a gane. Ranar goma ga wata na fito zan yi alwalar la'asar, sai farkawa na yi na ga kaina bisa cinyar Yaya, tana yayyafa mini ruwa.

Da ita zan fara, Yaya uwargidanmu. Ashe tun satin farko ta gane, ta yi shiru don ta ga ina ɓoyewa. Ranar nan ba ta jira dawowar maigida daga kasuwa ba, ta tura yaro ya tare adaidaita, ta kai ni likitar unguwa, daga can aka tura mu matanite, wato asibitin haihuwa. Kwana huɗu na yi ana ƙara mini ruwa, ita ke kwana a tabarma ƙarƙashin gadona, da azumi a bakinta. Da muka dawo gida ta karɓe girkina wata biyu cur, ta mayar da murhu can bayan ɗakinta don kada hayaƙi ya iso ni, ta haɗa ɗiyata da nata ƴaƴan wajen wanka da kitso da shirin lakwal. Ko sau ɗaya ban ji ta ce shagwaɓa ce ba. Yaya, abin da kika yi mini uwa ce ke yi wa ɗiyarta. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa su ji ƙanki.

A dare na biyu a matanite na ga ɗigon jini. Jikina ya mutu, na ce shi ke nan, abin da ya faru can baya ne ya dawo. Da safe aka kai ni eko, inda ake ɗaukar hoton ciki. Lokotoron da ya duba ni, matashi ne mai sanyin magana, ya juyo da allon na'urar wajena ya ce, "Malama, duba nan." Wani ɗan abu na gani kamar gyaɗa cikin ɓawonta, a tsakiyarsa wani ɗigo yana ƙyaftawa da sauri. Ya ce wannan ita ce zuciyar, tana bugawa wajen sau 170 a minti, kuma haka ake so a sati na 9. Tsawon yaron gaba ɗaya santimita 2 da ɗan ɗori, bai kai dabino ba, amma kai ya fito, hannuwa da ƙafafu sun tsiro, yatsu sun fara rabuwa. Ya ce zuciyar nan tun wajen sati na 6 ta fara aiki, wato lokacin da ni nake ƙirga kwanaki ina tantamar ko ciki ne ko ba shi ba. Na daɗe ina jin ayar Suratul Muminun da ke faɗin yadda ake halittar mutum daga ɗigon ruwa zuwa gudan jini zuwa tsoka, ranar nan na gani da idona, na yi ta kuka har ya miƙo mini hankici. Jinin ya tsaya da kansa bayan kwana biyu. Lokotoro, ban san ko za ka ga wannan ba, amma juyo da allon nan da ka yi ya mayar mini da raina.

Sai Madam, unguwarzomar da ke aikin dare a ɗakinmu, dattijuwa mai furfura a gefen kallabi. Da aiki ya lafa sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ni kuma da yake malamar makaranta ce ban iya barin tambaya. Ita ta koya mini cewa lissafin ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake fara shi, sati 40 ke nan, kwana 280. Ta ce sinadarin da ake gani a fitsari idan an yi gwajin ciki yana ta hauhawa a jini har wajen sati na 10 kafin ya fara sauka, shi ya sa amai ya fi tsananta a daidai lokacin, kuma ga yawancin mata yana lafawa tsakanin sati na 14 da na 16. Akwai wani sinadarin kuma da ke sassauta mahaifa don ta riƙe cikin, shi ne ke sassauta hanji ma, sai ka ga ƙwannafi da taurin bayan gida da kasala. Jinin jikin mace kan ƙaru da kusan rabin yadda yake kafin a kai ga haihuwa, zuciya da ƙoda suna aikin mutum biyu tun cikin bai tasa ba. Irin nawa aman kuwa, wanda ruwa ba ya zama, nauyi yana zubewa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, ta ce ya wuce laulayi, ciwo ne da ake kwantar da mace a kansa. Kilo 5 na rasa cikin sati uku.

Amma maganar da ta fi shiga raina ita ce ta ɓarin da na yi. Da na gaya mata zancen daka da kabu-kabu, ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, sauke wannan kayan daga kanki." Ta ce mafi yawan ɓari a watanni ukun farko yake faruwa, kuma kusan rabinsa daga kuskuren da ya shiga ƙwayar halittar ne tun ranar da aka haɗu, abin da ba hannun uwa a ciki, ba kuma aikin gida ke kawo shi ba. Fiye da shekara ina ɗauke da wannan nauyi, a dare ɗaya ta sauke mini shi. Madam, Allah ya sa aikin nan naki ya zame miki haske a kabari.

Akwai kuma ma'aikaciyar likitar unguwarmu wadda tun bayan ɓarin ta ba ni ƴan ƙananan ƙwayoyin nan na folik asid, ta ce in riƙa shan ɗaya kullum muddin ina neman wani cikin. A lokacin ban ga dalilin shan magani ba ciki ba ciwo ba, na dai bi maganarta. Sai a matanite na fahimta: bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, kafin mata da yawa su ma san suna da shi, kuma wannan ƙwayar ce ke taimaka masa ya rufe daidai. Wadda ta bari sai wata biyar ta je awo, wannan ƙofar ta riga ta wuce ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, na farko cikin sati 12 na farko. Ni da na ɓoye ciki biyu ina gaya wa ƴan uwana mata, a ɓoye wa unguwa in ana so, amma kada a ɓoye wa unguwarzoma.

Inna, mahaifiyar maigida, na gode. Masu zuwa dubiya sun kawo jiƙe-jiƙe iri-iri da ƙwayoyin ƴan talla, kowa da kyakkyawar niyya, ke kika tsaya a ƙofar ɗaki kika ce ba abin da zai shiga bakina sai wanda aka rubuta a takarda. Da kwaɗayin farar ƙasa ya kama ni, ke kika hana, kika sa aka auna jinina aka ga ya yi ƙasa. Kika riƙa dafa mini ruwan citta, kina ba ni busasshen burodi da asuba kafin in ɗaga kai daga matashi, loma biyu yanzu, loma biyu an jima. Malam limamin masallacinmu shi ma ya aiko da saƙo ta bakin maigida cewa mai ciki da ke tsoron lafiyarta ko ta ɗanta ta sha azumi ta rama daga baya, babu laifi a kanta. Da wannan saƙon hankalina ya kwanta.

Maƙwabciyarmu mai ƙuli, wadda katanga ɗaya ta raba mu, da ta ji ƙaurin man gyaɗa na tayar mini da amai sai ta kwashe kaskonta da turminta ta koma gidan ƙanwarta da suya har bayan sallah. Sana'arta ce, da ita take ci da marayunta, kuma ba wanda ya roƙe ta. Malaman lakwal ɗinmu sun raba ajina tsakaninsu, yara ba su rasa darasi ko na yini ɗaya ba. Baban yara kuwa ba zan yi dogon zance a kansa a bainar jama'a ba. Ya san ragon da ya sayar, ya san dararen da ya zaga farmasi da neman ƙanƙara. Allah ya ƙara buɗi.

Sati biyu bayan ƙaramar sallah na tashi wata safiya na ji ina son tuwon gero da miyar kuka. Yaya ta tuƙa, na ci, ya zauna. A awon da ya gabaci wannan an ce mini yaro ya kai santimita 6, yatsu sun rabu tsaf, ƙodarsa ma ta fara aiki. Da na shiga wata na huɗu aka fara ba ni ƙwayoyi ukun nan na rigakafin masassarar cizon sauro, waɗanda ba a bayarwa a watanni ukun farko, na haɗiye a gaban Madam, aka yi mini allurar tetanus, aka ba ni sange kafin damina ta sauka. Ana saura kamar wata guda layya, ina zaune ina gyaran takardun yara, na ji wani ɗan motsi can ƙasan cibiya kamar kifi ya juya cikin ruwa. Yaya na fara kira.

Saura mutum ɗaya. Baiwar Allah da ke gadon da ke kusa da nawa, wadda aka kawo da dare daga wani ƙauye wajen Dakoro tana zubar da jini. Naki cikin bai tsaya ba, na ji lokacin da aka gaya miki. Da asuba amai ya taso mini, Yaya ta fita ɗebo ruwa, ke kika sauko daga gadonki da robar ƙarin ruwa a hannu, kika riƙe mini kwano, kina shafa bayana kina cewa, "Sannu ƴar uwa, naki zai zauna da yardar Allah." An sallame ki ina ɗakin eko, ban tambayi sunanki ba, ban san garinku ba. Ya zauna, ƴar uwa, namiji ne. Kullum na idar da salla ina sa ki a addu'a, Allah ya ba ki naki mai albarka, ya sa ki goya shi da lafiyarki.