Talata: kwamfutar da ta ƙi mutuwa

Bayan sallar isha'i nake wannan rubutu, kuma a waya, don na bar kwamfutar ta huta.

Da asuba na sa hannu a jaka zan ɗauko takardun ɗalibai, sai na ji cikinta da ɗumi kamar an ajiye kular abinci. Jiya da dare na danna wajen kashewa, na rufe murfi, na zura kwamfutar a jaka na kwanta. Ashe ba ta mutu ba. Kwana ta yi a kunne, fankarta na juyawa babu inda iska za ta fita, har batir ya ƙare ƙaf. Ga bazara ta kankama a Kano, ga wuta tun ƙarfe goma aka ɗauke ta. Na danna madannin wuta, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

In faɗi gaskiya ba jiya ta fara ba. Daren Lahadi ne na fara ganin abin: allo ya yi shuɗi, ɗige-ɗigen nan suna ta zagaye, rubutu na cewa tana kashewa, minti biyar, minti goma, shiru. Na danne madannin wuta har ta ɗauke. Litinin a makaranta sau biyu na yi mata haka. Na ɗauka tsufa ne, don 'yar Beljiyam ce, kuma ta shekara huɗu a hannuna ban da abin da ta yi a hannun mai ita na farko. Jiya kuwa barci ya ci ƙarfina, ban tsaya na ga ƙarshenta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a cikin adaidaita sahu shi ne makin jarrabawar zango na biyu. Aji uku nake koyar wa lissafi, kuma ranar Alhamis jami'in jarrabawa yake son komai a teburinsa. A ofishin malamai akwai sola, na jona caja, na jira kamar minti ashirin, ta kunnu lafiya lau kamar ba ita ba. Excel ya buɗe da kwafin da ya adana da kansa, tunda duk minti goma yakan ajiye ɗaya. Makin yara bakwai kawai na rasa. Kafin na taɓa komai na tura wa kaina fayil ɗin ta imel. Na so na sa a filash ma, amma tagar da ke nuna faifan ajiya ta tsaya, koren layin nan na sama yana rarrafe ya ƙi kaiwa ƙarshe. Na rufe ta na wuce. Da na san abin da take gaya mini kenan, da tun ƙarfe takwas na huta.

Lokacin tara na ce bari in gwada ta da kyau. Kashewa, ta maƙale. Na danne wuta, na kunna, na zaɓi Restart, ta maƙale. Na sake, na ce to in fita daga asusuna kawai, wato Sign out, nan ma ɗige-ɗige suka kama zagaye. Ƙofa uku, duk a garƙame.

Nan fa ofis ya zama asibiti, kowa likita. Wata malama ta ce bairos ne. Malamin tarihi ya ce in kai kasuwa a yi mata fomatin, wai tasa ma haka aka yi mata. Ni kuwa na san fomatin ɗin nan: shi ne maganin da masu gyara da yawa ke ba kowace cuta, a share maka komai, ka biya, bayan kwana biyu ciwo ya dawo don ba a taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Wani ya leƙo ya ce ai Windows 10 ce, wa'adinta ya ƙare. Gaskiya ne Microsoft ta rufe tallafin da ta saba ba ta tun 14 ga Oktoba 2025, amma rufe tallafi ba ya hana kwamfuta mutuwa, kuma tawa ta yi watanni bayan nan tana kashewa ƙalau.

Malamin kwamfuta ne ya zo da magana mai kama hankali. Ya ce tun daga Windows 8, a 2012, akwai wani tsari da ake kira Fast Startup. In ka ce ta mutu, ba mutuwa take yi duka ba: tana rufe manhajojinka, ta fitar da kai daga asusunka, sannan ta tattara zuciyar tsarin ta ajiye a wani fayil, don gobe ta tashi da wuri. Wani lokaci wajen wannan ajiyar ake samun tangarɗa. Ya shiga Control Panel, wajen saitin wuta, ya cire alamar. Muka gwada, babu canji. Ya buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni ya rubuta shutdown /s /f /t 0. Ya ce s ɗin kashewa ce, f tilasta wa manhajoji su rufe ko suna so ko ba sa so, t da sifili kuma kada a jira ko daƙiƙa ɗaya. Allo ya yi shuɗi, muka zuba ido. Aka kaɗa ƙararrawa yana da aji, ya tafi ya bar ni da ɗige-ɗigena.

Bayan azahar na kira autanmu, wanda ke karatun kwamfuta a jami'a. Ba na son kiransa kan irin wannan, don yakan yi mini bayani kamar ba ni na koya masa jadawalin sau ba. Amma yau ya burge ni.

"Yaya, kin ce har fita daga asusu ta ƙi?"

"Ta ƙi, Auta. Duka ukun."

"To ba Fast Startup ba ne. Restart ba ya bi ta kansa ko kaɗan, ga shi shi ma ya maƙale. Ki duba abin da ya haɗa su ukun. Kafin kowanne ya yiwu, sai an rufe duk abin da ke gudana a asusunki. Akwai wanda ya ƙi fita."

Na ce ai mun tilasta musu da umarni. Ya yi dariya ya ce akwai manhajar da tilas ba ta kamawa. In manhaja ta nemi wani abu daga wata na'ura, faifai ko filash ko firinta, kuma na'urar ba ta amsa ba, Windows ba ta iya kawar da manhajar gaba ɗaya sai wannan neman ya dawo ko an soke shi. Ya ce kamar na aiki yaro shago da dare ne, duk tsawar da zan yi wa na cikin gida su kwanta, ba zan sa sakata ba sai ɗan aiken ya shigo.

Ya sa na buɗe Event Viewer, inda kwamfutar ke rubuta duk abin da ya same ta, na shiga sashen System. Nakan ɗauki hoton allo in tura masa ta WhatsApp, shi kuma ya ce in gangara. Abin da na fara gani jajaye ne masu lamba 41, kusa da kowanne akwai 6008. Gabana ya faɗi. Ya ce in kwantar da hankali, waɗannan aikina ne: duk lokacin da aka yanke mata wuta ba ta shirya ba, in ta tashi sai ta rubuta. Na ƙirga tara. Kunya ta ɗan kama ni, kamar an karanto mini laifina a gaban asambuli.

"Ki bar jajayen, Yaya. Rawayan nan nake so, masu lamba 153. Me aka rubuta?"

Na karanto masa. Ma'anarsa dai an nemi karanta wani wuri a faifai, bai amsa ba, an sake nema. Sun fi a ƙirga, layi bayan layi. Na ce shi kenan, faifan ya tafi da makin yara da takarduna na shekara huɗu.

"Disk nawa aka ce? Sifili ko ɗaya?"

"Ɗaya."

"Kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Na cikinta shi ne sifili, ni na sa miki shi, kuma guda ɗaya ne. Me kika jona?"

Babu komai sai caja. Na duba dama, na duba hagu. Ya ce in gangara har inda rawayan suka fara, in gaya masa rana da lokaci. Lahadi, ƙarfe huɗu da minti ashirin da wani abu na yamma. A lokacin ina gidan suna a maƙwabta.

Na ɗaga kwamfutar sama kamar mai duba ƙwai a rana. A gefen gaba, ƙasa da inda nake ɗora hannu, akwai wata 'yar tsaga da ban taɓa amfani da ita ba. Bakin wani abu baƙi ya yi daidai da jikin kwamfutar, in ba ka shafa ba ba za ka san yana nan ba. Memori ne a cikin adafta.

Na nemi cire shi ta hanyar da ta dace, alamar ta ƙi amsawa. Auta ya ce kada in fizge shi tana kunne. Na danne madannin wuta karo na goma, na tura katin ciki da farce, ya yi ƙas ya fito. Na kunna. Fita daga asusu, nan take. Restart, ta tafi ta dawo. Na danna kashewa ina kallon agogon hannuna: daƙiƙa 14, fanka ta yi shiru, fitilar gefe ta ɗauke. Sau uku na maimaita don zuciyata ta yarda. Malamin tarihi yana wucewa ya tambaya ko an yi fomatin ɗin, na ɗaga masa katin tsakanin yatsu biyu.

A gida ban ma tambaya ba. Na ajiye katin a kan tabarma kusa da kwanon tuwo, babbar 'yata ta kalle shi ta sunkuyar da kai.

"Umma, na tsohuwar wayar Hajiya ne. Ta ce in kwafe mata hotunan aikin Hajjinta kafin wayar ta ƙarasa lalacewa. Na sa, ya ƙi buɗewa, sai aka kira sallah na manta."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna sau goma na yanke wa kwamfutar wuta katin yana ciki, ana tsakiyar karanta shi. In akwai wanda ya ƙara masa ciwo, ba ita ba ce. Abbansu ya ce ai sai a sa a wata wayar a gani. Na ce a'a. Auta ya riga ya gargaɗe ni: kati mai ciwo in an sa shi, waya ko kwamfuta kan ce a yi fomatin kafin a yi amfani da shi, kuma dannawa ɗaya ta isa a shiga wata wahalar. Ya ce in ja ɗan makullin da ke gefen adaftar zuwa ƙasa don kada a rubuta komai a kai, in ajiye, ranar Asabar zai zo ya fara ɗaukar kwafin katin gaba ɗaya, sannan a nemi hotunan daga kwafin.

Hajiya ba ta sani ba tukuna, kuma na hana kowa gaya mata kafin Asabar. Na naɗe katin a takarda na sa a gidan tabarau, na ɗora a saman kabad inda ƙananan ba sa kaiwa. Makin yara bakwai ɗin nan na sake shigar da su bayan magariba, saura aji ɗaya gobe. Ɗazu kafin in kwanta na tashi na je na ɗora tafin hannu a kan kwamfutar. Sanyi ƙalau.