Hawan dutse da motar da aka cire wa tamostat

Ƙanina ya sayi mota ta hannu a wani gari mai nisa, ya roƙe ni in raka shi mu taho da ita. Mota ce mai silinda huɗu, mai shan fetur, giyar hannu, kuma ta ci sama da kilomita 150,000. Hanyar da ke gabanmu kashi uku ce: shimfiɗaɗɗen titi mai tsawo, sai hawan dutse mai kwana-kwana, sai gangara har ƙasa. Motar da ke zirga-zirga cikin gari tana iya ɓoye cutarta shekara guda cur, amma irin wannan hanya cikin tsakar rana ba ta barin komai a ɓoye.

Tun injin yana da sanyi muka fara dubawa. Na soma da tayoyi. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Huɗun da ke ƙasa ba su tsufa ba, zanensu kuma ya wuce milimita 1.6, wanda shi ne mafi ƙarancin zurfin da ake yarda da shi a ƙasashe da yawa. Iska muka daidaita da abin da ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Baƙin mai yana tsakanin alamomi biyu na sandar awo, murfinsa kuma ba shi da wannan farin kumfa mai nuna ruwa ya shiga mai. Batir ya nuna volt 12.6 kafin a tayar, ya koma 14 da ɗoriya bayan an tayar, wato caji yana tafiya daidai.

Da na buɗe lagireto ne raina ya ɓaci. Ruwan ja ne, tsatsa zalla, babu ko ƙamshin kulan, wato ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Ruwan famfo aka daɗe ana zuba masa. Muka bar injin yana aiki a tsaye har fanka ta tashi, ta juya, ta tsaya. Muka cika jarka da lita biyar na ruwa mai tsabta, muka kama hanya da niyyar a wanke lagireton da zarar mun isa.

A shimfiɗaɗɗen titin motar ta yi tafiya lafiya ƙalau, sitiyari ba ya rawa, ba ta ja gefe. Bayan tafiya mai tsawo ƙanina ya nuna mini allurar zafi yana murna.

"Yaya, ka gani? Motar nan ko ɗumi ba ta yi."

Allurar tana kwance can ƙasa, ko kwata ba ta kai ba. Na ce masa wannan ba abin murna ba ne. Injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 90 ko ya ɗan wuce, shi ya sa a yawancin motoci allura ke tsayawa kusa da tsakiya ba ta motsi. Abin da ke riƙe zafin a nan shi ne tamostat, wani ɗan bawul da ke tare ruwa a cikin inji har sai ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. Allurar da ke faɗuwa idan ana gudu, ta kuma tashi idan an tsaya, tana gaya maka ɗayan biyu: ko tamostat ya maƙale a buɗe, ko an cire shi ɗungurungum. Injin da ba ya kai wa zafinsa kwamfutar motar tana ɗaukarsa har yanzu bai farka ba, sai ta ci gaba da ba shi fetur fiye da kima. Shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. A motocin da ke da OBD-II, tsarin binciken lafiyar mota da ya zama dole a Amurka tun 1996, wannan matsala kan fito da lambar P0128 idan aka sa na'urar bincike.

Rana ta take lokacin da muka iso gindin dutsen. Hawan farko ba matsala. A na biyu muka tarar da babbar mota tana jan jiki da kaya, ba wurin wucewa, dole muka bi bayanta da giya ta biyu. Nan allurar ta tashi, ta wuce tsakiya, ta ci gaba. Na ce ya kashe na'urar sanyaya ciki, ya kunna hita har ƙarshe, fankarta ma har ƙarshe, ya sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce a cikin mota, ruwan injin ne ke bi ta cikinta, don haka tana janye wani kaso na zafin. Allurar ta ɗan tsaya, ba ta sauka ba. Da muka samu fili a gefen hanya muka fita daga titi sosai, ya ja birkin hannu, na sa dutse a bayan taya. Na leƙa ta gaba injin yana aiki: allura na dab da ja, fanka kuwa shiru. Muka kashe.

Yadda zafin ya zo shi ne rabin binciken. Motar da ke sanyi a guje, ta yi zafi a tafiyar hawainiya, iska ce ba ta ratsa lagiretonta, sai a fara da fanka. Wadda kuma ke zafi a guje, ta huce idan an rage gudu, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, sai a tuhumi toshewar lagireto ko famfon ruwa ko tiyon ƙasa da ke tsukewa. Tamu ta farko ce.

Ƙanina ya miƙa hannu zai murɗe murfin lagireto, na riƙe shi. Ruwan da ke cikin injin da ya yi zafi haka yakan wuce digiri 100, matsin murfin ne kaɗai ke hana shi tafasa. Kana buɗewa matsin zai tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsartuwa zuwa fuska da hannu. Aƙalla minti talatin ake jira, kuma ba a taɓa murfin sai tiyon sama ya yi laushi idan an matsa shi da tsumma.

Cikin jiran muka bi wutar fanka. Fis ɗinta lafiya, wayarsa ba ta tsinke ba. Na juya fankar da hannu, makulli a cire, tana juyawa ba tare da turjiya ba. Saura rile, ɗan makunnin da ke sakar wa fankar wuta. A akwatin fis da ke cikin bonet, rilen fanka da na hon iri ɗaya ne a wannan motar, lamba ɗaya, ƙafafu ɗaya. Na musanya su. Rilen da bakinsa ya ƙone daga ciki yana iya aiki da safe yana da sanyi, ya ƙi idan ya sha zafi, shi ya sa gwajin da muka yi kafin tashi bai kama shi ba. Sai dai a kula, ba kowane rile ake musanyawa ba. Idan lambar da ke jikinsu ta bambanta, a bar shi.

Da injin ya huce na ɗora tsumma a murfin, na murɗa rabi ya huce sauran iska, sannan na cire. Robar da ke ƙarƙashinsa ta bushe ta tsattsage. Mutane suna raina wannan murfi, alhali aikinsa babba ne. Yawanci an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, wato matsin da yake riƙewa, kuma wannan matsi ke ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Idan kulan ne aka gauraya rabi da rabi da ruwa, tafasar takan ƙara sama da haka. Murfin da ya mutu kuwa ya mayar da kai digiri 100, kuma a kan dutse ko hakan ba ka samu ba, domin duk hawan mita 300 tafasar ruwa tana raguwa da kusan digiri ɗaya. Ruwan famfo, mataccen murfi, fankar da ta tsaya, ga hawa: abubuwa huɗu ne suka haɗu. Muka ƙara ruwa a hankali, ya sha kusan lita ɗaya da rabi. Aka tayar, na tsaya ina kallon bakin lagireto. Babu kumfar da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi, injin ba ya rawa. Gasket, shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya tsira. Da zafi ya hau, fanka ta tashi.

Gaba kaɗan muka tarar da wanda nasa bai tsira ba. Bonet a buɗe, tururi na tashi, mai motar yana kwarara ruwan sanyi a kan inji da cikin lagireto. Muka tsaya muka yi masa sannu. Ya ce allura ta daɗe a ja, ya ga saura ƙiris ya kai ƙololuwa, sai ya daure. Da ya tayar, ruwa ya riƙa tunzurowa daga bakin lagireto, salansa na zubar da farin hayaƙi mai kauri. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, zafi mai tsanani yana lanƙwasa shi, ruwan sanyi a kansa yana da zafi kuma yana iya tsaga shi. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, domin tsayawar minti talatin a ƙasa da ta wadatar. Yanzu sai an sauke kan injin, an auna shi, an goge idan zai gogu, an sa sabon gasket. Muka ba shi shawarar kada ya sake tayarwa, ya nemi a ja ta.

Gangara tana da nata haɗarin. Na ce wa ƙanina ya sauka da giyar da ya hau da ita, ya bar injin ya riƙe motar, birki kuma ya taka da ɗan ƙarfi ya saki, kada ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Mai giyar otomatik sai ya koma 2 ko L. Ba a sauka a furi, ba a kuma kashe inji don tsimin mai, domin ƙarfin da ke taimakon birki daga injin yake zuwa, na sitiyari ma haka. Birkin da ya sha zafi yana gazawa ta hanya biyu. Idan feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa, ga ƙauri, fatun birkin ne suka yi zafi. Idan kuma feda ta yi laushi tana nutsewa, man birki ne ya tafasa. Man birki yana tsotsar danshi daga iska: irin da ake kira DOT 4 sabo yana jure aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa ma'auninsa ya koma 155, DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Na motarmu ya yi duhu, don haka muka sauka da giya ta biyu, a hankali, muna barin masu sauri su wuce.

A garin da ke gindin dutsen muka shiga garejin wani bakanike. Ya kwance kusoshi biyu na gidan tamostat, inda tiyo ke shiga inji, ya nuna mana. Wayam.

"Malam, mutane da yawa su ke cewa a cire musu," in ji shi. "Wai a ƙasar zafi ba shi da amfani."

Na san wannan magana, ta yaɗu, kuma ba daidai ba ce. Tamostat mai lafiya idan zafi ya kai a buɗe yake gaba ɗaya, ba ya tare komai. A injina da dama ma yana da faifai na biyu a gindinsa wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewayawa bai taɓa ganin lagireto ba, a daidai lokacin da ake hawa da kaya. Galibi ana cire shi ne don a rufe wata cuta daban, toshewa ko fanka ko murfi, cutar kuma tana nan.

Bakaniken ya san aikinsa. Ya zubar da tsohon ruwan, ya wanke har abin da ke fita ya yi fari, ya sa sabon tamostat mai lambar zafi irin ta asali, ɗan ramin fitar iskarsa yana sama, da sabuwar roba. Injin irin wannan yana cin wajen lita shida, don haka kulan lita uku, tataccen ruwa lita uku. Launin kulan ba shi ke nuna irinsa ba, littafin motar ake dubawa. Ya zuba a hankali, hita a buɗe, murfi a cire, ya bar injin yana aiki yana matsa tiyon sama har kumfa ta daina fitowa, tiyon ƙasa ya ɗauki zafi, fanka ta tashi sau biyu. Wannan fitar da iska ba a tsallake shi, domin iskar da ta maƙale a kan inji tana hana ruwa taɓa wurin, har allura ta riƙa hawa da sauka ba dalili. Ya sa sabon murfi mai 1.1 kamar tsohon, da sabon rile, hon ya dawo. Ya zuƙe man birki ta ƙafafu huɗu har sabo ya fito.

Sauran hanyar da dare muka yi ta. Minti kaɗan da tashi allura ta hau tsakiya, ta zauna nan a guje da a cunkoso. Washegari da injin ya kwana ya huce muka duba robar ajiyar ruwa, ta ɗan sauka, muka cika zuwa alamar sama. Haka yake faruwa bayan an canza ruwa, amma idan ya ci gaba da raguwa bayan kwana biyu ko uku, akwai yoyo. Abu ɗaya ya rage wanda ido ba ya gani daga waje, wato bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da fistan. Babu takardar da ta nuna ranar da aka canza shi, masu ƙera motoci kuma kan sa wa'adinsa tsakanin kilomita 60,000 da 160,000 gwargwadon injin. A injina da yawa idan ya tsinke fistan yana dukan bawul ya lanƙwasa su. Na ce wa ƙanina kada motar ta sake doguwar tafiya sai an canza shi tare da tenshina mai ɗaure shi da famfon ruwa, tunda a wannan injin bel ɗin ne ke juya famfon, kuma famfon da ya shekara yana wanka cikin tsatsa ba abin dogaro ba ne.