Wa'azin wutar da na yi a gidan makoki

Jibi in Allah ya yarda zan hau mota zuwa Ngaundare. Shekara 2 ɗin da na yi ina aikin gwaji a wata 'yar ikilisiya a gefen Garwa ta ƙasar Kamaru sun ƙare, kuma ba da yabo suka ƙare ba, waɗanda muka yi makarantar Baibul tare sun san zancen.

A watan Afrilu ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kwanon coci har ƙara yake yi. Wani saurayi cikin matasanmu mai haya da moto, wato babur, ya faɗi a hanyar Pitowa ran Lahadi, ranar kasuwa, muna can muna sujada, nan take gari ya ɗauka wai bilbil, wato giyar gargajiya, ya sha. Baba fasto zai yi tafiya sai ya bar mini wa'azin jana'iza, ya dafa kafaɗata ya ce "ɗana, ka hura musu wuta, yaran nan sai da tsoro." Ni kuwa dama kamar jira nake. Na buɗe Luka 16, mai arziki da Li'azaru, na haɗa da Markus 9:48 inda ake maganar tsutsar da ba ta mutuwa, na ce in zafin Afrilu ya kore ku daga ɗaki kuna kwana a tsakar gida to yaya za ku yi da wutar da ake roƙon ɗigon ruwa a hana? Dattijon da ke juya maganar zuwa Fulatanci ya dube ni, ya sassauta ta, ni kuma don taurin kai na maimaita da ƙarfi. Ban kama suna ba, amma gawa na gabana, wa kuma nake nufi? Mahaifiyar yaron ta ja zanenta ta rufe kai ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta sake taka cocin ba.

Da dattawa suka zaunar da ni baba fasto ya ce shi ta'aziyya ya aike ni in yi. Na yafe masa, Allah ne shaida, amma dai ku 'yan makarantar Baibul da za a tura aikin gwaji bana, in babba zai ba ku umarni irin wannan ku tabbata akwai mutum na uku a wurin.

Kar a ce na daina gaskata akwai hukunci, Yesu da bakinsa ya yi ta ambaton Jahannama, sunan ma daga Kwarin Hinnom yake, can kusa da Urushalima inda aka taɓa ƙona 'ya'ya hadaya. Abin da ya hana ni barci shi ne da na koma Luka 16 na karanta a natse ban ga giya ba, ban ga kasuwar Lahadi ba, abin da na gani mutum ne da ake ajiye miskini a ƙofar gidansa yana ci yana sha bai ko kula ba. Matiyu 25 ma haka, mayunwaci, baƙo, mara lafiya, ɗan kurkuku. Ni kuwa wata 3 ina canja hanya don kar in bi ta ƙofar gwauruwar da ta rasa mai ciyar da ita. Sannan yaron ya yi kusan awa 2 a asibiti kafin rai ya fita, me ya faɗa wa Ubangijinsa a ciki? Ɓarawon da ke kan gicciye ma ai 'yan awoyi kawai ya samu.

Matasa 11 suka fito tuba ran nan, har na ji kaina ya yi girma. Kafin damina ta wuce saura 2. Romawa 2:4 ta ce alherin Allah ne ke jawo mutum ga tuba, mun haddace ta a aji don jarabawa kawai.

Sauran ƙanana ne. Ka ji maganar tafintanka. Kar ka ci bashi a asusun baiko ko da dala ce.

Jiya na daure na je na ce Mama na zo sallama, ki gafarce ni. Ta miƙo mini ruwan randa a kwanon sha, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce "malam, ranar kuɗin maganina ya fita nema." Ta tambaye ni ƙarfe nawa motar za ta tashi, ta ce in tafi da ruwa saboda hanya.